Sorayen Kano a Tsofaffin Hotuna

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta tsaya ta yamma da birnin Kano tana duban badala. Sun fara saita igwa a kan Ƙofar Dukawuya, harsashi ya yi ta nutsewa cikin ƙasa bai yi wata ɓarna ba, sai suka zagaya Ƙofar Kabuga, suka fasa ƙyaurenta suka kutsa. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Bayan wata biyu Gwamna Lugga ya tabbatar wa Wambai Abbas da sarauta, kuma a rahoton da ya aika Landan ya ce tsayin badalar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, ya kuma amsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Turawan da suka biyo baya, hafsoshin soja da jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni, da yawansu sun zo da akwatin ɗaukar hoto. Mafi yawan abin da idonmu yake iya gani a yau na tsohuwar Kano daga hannunsu ya fito. Abin da ɗaci, amma haka tarihin ya zo.

Kafin hoto, zane ake yi. A 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin da ke shimfiɗe a ƙasansa. Da ya koma gida wani mai zane, Bernatz, ya ƙawata aikin kafin a buga shi a littafi, shi kuwa Bernatz bai taɓa taka Kano ba. Zanen yana da daɗin kallo, sai dai ba za ka auna katanga da shi ba. Hoto kuwa ba ya ƙari ba ya ragi a kan abin da ya tarar, har tsagar da ruwan bara ya yi a jikin soro sai ya nuna maka.

A fara da ƙofofi, domin su ne masu hoto suka fi so. Ƙofar da ke cikin hotunan farko matsattsiya ce ƙwarai, raƙumi ɗaya da kaya ya isa ya cika ta. Zaure ne dogo mai duhu da aka huda cikin kaurin badala, da ƙyaure mai nauyi wanda aka ƙarfafa da sassan ƙarfe. A wasu ƙofofin badalar takan lanƙwaso ciki, yadda duk wanda ya doso ƙyauren da mugun nufi zai sami kansa tsakanin maharba ta dama da hagu. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya ɗora harsashin ganuwar a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Idan ka jera hoton badala na shekarun farkon mulkin Turawa kusa da wanda aka ɗauka bayan shekara talatin, nan take za ka ga abin da ya faru. A na farko kanta a tsaye yake, da haƙoranta inda maharba ke fakewa. A na biyu kafaɗunta sun zube, ta koma tudu mai gangare, awaki na hawa suna sauka, mutane sun ratsa ta da turba. Ba igwa ce ta yi mata haka ba. A da, gyaran ganuwa wajibi ne, bayan kaka ake kiran jama'a kowane yanki da rabonsa. Da tsoron hari ya kau, kira ya tsaya, damina ta ci gaba da aikinta, masu neman ƙasar gini suka taya ta.

Nan ne wanda bai san gini ba yake yi wa waɗannan hotuna gurguwar fahimta. Yana ganin soro a hoto sai ya ɗauka abu ne da aka gina sau ɗaya ya zauna. Ginin ƙasa ba haka yake ba, kuma sai an san yadda ake yin sa kafin a iya karanta hotonsa.

Daga kududdufi ake haƙo ƙasar, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan katangar da yake ɗagawa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaronsa na ƙasa yana wurgo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi yana cafewa yana dasawa a tsaye, tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Babu ma'auni a hannunsa sai ido. Katangar takan fara da kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama, shi ya sa sorayen cikin hotuna suke kamar sun ɗan jingina baya, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsu. Rufi kuwa da azara ake yi, wato gangar giginya da aka tsattsaga, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, kuma daga wannan taƙaitawar ce gwanintar maginan Hausa ta fito. Sai su dasa azara cikin katanga ta leƙo ciki, su ɗora wata a kanta ta zarce ta kaɗan, su ɗaure da igiya, su ƙara wata, ta wancan gefen ma haka, har hannayen biyu su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne baka. Idan bakuna suka gitta juna aka yi ɗaurin guga, aka ɗora tulluwa a sama, sai ka sami ɗaki mai faɗin da sarki zai zauna da fadawansa babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A waje kuma zankwaye a kusurwoyi, da indararo masu tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin katanga.

Saura yaɓe, wanda shi ne ran ginin. Akwai makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, mai sa katanga ta yi duhu ta yi santsi. Akwai laso, na rufi da wuraren da ruwa ya fi duka, wanda ake haɗawa da katsi, wato dagwalon baba da ake kwasowa daga ramin rini a ƙona, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A duba wannan haɗin da kyau. Rufin fada ba zai hana ruwa ba sai karofi yana aiki, sai majema suna jima, sai ɗorawa da giginya suna tsaye a daji. Duk hoton da ya nuna maka tulluwa sumul tana ƙyalli a rana, shaida ne cewa a shekarar marina sun yi rini, magina sun hau sama bayan damina, an kuma sami mai biyan su. Hoton ginin ƙasa hoton shekara ɗaya ne. Wanda ya dawo bayan damina uku zai tarar an ƙara zanko, an toshe taga, an sake zanen bakin ƙofa.

Gidan Rumfa, fadar da ta mamaye kusan eka 33 a tsakiyar birni, an ɗauke ta hoto ba adadi, amma kusan duka daga wuri ɗaya ne. Ƙofar Kudu ce da filinta, inda mahaya ke kawo jahi ranar Hawan Daushe, sai sorayen waje irin su Soron Ingila inda ake karɓar manyan baƙi. Zuwan Yariman Ingila a 1925 da zuwan Sarauniya Elizabeth a 1956 sun jawo masu hoto da yawa, dukansu kuwa iyakarsu inda baƙo namiji ke tsayawa. Cikin gida, inda matan sarki da ƙwaraƙwarai da jakadu da kuyangi suke tafiyar da rayuwar ɗaruruwan mutane, da rumbuna da madafai, bai shiga akwatin hoto ba a wancan zamani. Mai nazari ya riƙe wannan a ransa, kada ya ɗauka abin da aka nuna masa shi ne gidan duka. Kusa da fadar akwai Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gado. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan 1903, wani sashe ya zama makaranta, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne, da wasu daga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a jingine a ciki. Abin da ya tsirar da shi bai wuce cewa ba a taɓa barin sa babu kowa ba, kullum akwai wanda yoyon rufinsa zai dama.

Hotunan da na fi ƙauna su ne na gine-ginen En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, kuma su ne aka fi mantawa. A 1909 aka kafa Baitulmalin Kano, aka yanka wa sarki da alƙalai albashi, haraji ya koma shiga littafi. Sabon tsari yana buƙatar sababbin ɗakuna, na ajiyar kuɗi, na malaman ofis, na shari'a. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuɗin gyaɗa ya fara shigowa, En'en Kano ta zama wadda ta fi kowace arziki a Arewa. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, aka ga amfanin wannan arziki a cikin birni: asibiti kusa da Ƙofar Mata, makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, makarantar shari'a a 1934 wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ruwan famfo da lantarki daga Challawa a farkon shekarun 1930, da Sabuwar Ƙofa da aka huda a 1937. Da yawa daga gine-ginen farko na wannan zamani maginan gari ne suka yi su da tubali da azara, suka faɗaɗa tagogi don mai rubutu ya sami haske. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, bayan badala, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, yana nan tsaye yana nuna irin wannan aiki. A hotunan ofisoshin za ka ga malami da rawani da babbar riga zaune a kan kujera gaban tebur, manyan littattafan haraji a buɗe, a samansa baka ta lanƙwasa kamar yadda take a soron kakansa. A bakin ƙofa ɗan doka a tsaye, a inuwar katanga talakawa sun tsugunna suna jiran a kira su. Ba na mantawa da cewa a waɗannan ɗakuna ne aka riƙa ƙirga harajin da ya kori mutane daga garuruwansu, kuma a cikinsu aka ɗaure 'yan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950. Kyawun soro bai wanke abin da aka yi a ƙarƙashinsa ba. Amma hotunan sun tabbatar da abu guda wanda ake yawan musantawa a yau, cewa ginin Hausa ya ɗauki aikin zamani ya riƙe shi shekaru da dama. Ba gazawa ce ta kashe shi ba. Har lokacin da siminti ya shigo, sai da aka riƙa yi wa sababbin ofisoshi zankwaye na siminti, domin idon jama'a bai yarda gini na hukuma ne ba idan babu su.

A ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ratsa Sahara a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi, ya sauka Kano, ya ɗauki birnin daga sama. Hotunansa suna ɗakin karatu na jami'ar fasaha ta Zurich, an kuma sake su a intanet kowa na iya gani. Gani ya kori ji. Rufin soraye ne shimfiɗe iyakar ganinka, da ƙyar za ka tsinci kwano, lunguna na murɗawa a tsakaninsu, kududdufai sun yi dabbare-dabbare a kowace unguwa, kowanne ramin da aka haƙi gidajen da ke kewaye da shi. Abin da ya fi ba mutumin yau mamaki shi ne fili. Gidaje sun taru a gefe guda, sauran abin da badala ta kewaye gonaki ne da makiyaya, har zuwa gindin Goron Dutse. Barth ma ya lura da haka shekara tamanin kafin nan. Da gangan magabata suka zagaye gona da ganuwa, don idan abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci a ciki.

Sai masallacin Juma'a, wanda a kansa ne rashin ya fi ciwo. Asalinsa na zamanin Rumfa ne, Sarki Muhammadu Zaki ya mayar da shi sabon wuri a 1582, Sarki Abdullahi ɗan Dabo ya sake gina shi a tsakiyar ƙarni na 19. Wannan ginin na ƙasa shi ne a hotunan farkon ƙarni na 20, da hasumiyarsa mai faɗin gindi wadda ta tashi sama tana tsukewa, ta zarce duk rufin da ke kewaye da ita. A farkon shekarun 1950 sabon masallaci na siminti, mai ƙubba da dogayen hasumiyoyi biyu, ya maye gurbinsa. Ba na zargin mutanen wancan lokaci. Jama'a ta yi yawa, tsohon gini ya gaji, kuma sarki da talakawansa sun so ɗakin Allah ya fi kowane gini a gari kyau da ƙarfi, sun kuma yi alfahari da abin da suka samu. Sai dai sabon ya ɗauko kamanninsa ne daga masallatan gabas, tsohon kuwa babu irinsa sai a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da ta masallacin Agadas suna nan ana ganin su. Ta Kano sai a takarda.

Zariya ta ɗan fi sa'a. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, wanda masana gini ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikin baka, an gina sabon masallaci an lulluɓe shi a shekarun 1970, wani sashe na bakunansa ya tsira a ciki. Kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, wanda ya fara aiki a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya auna shi ciki da waje tare da ɗalibansa, ya ɗauki hotuna, daga baya aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, tare da wani yanki na badalar Kano. Abin da awo da hoto suke iya yi ke nan idan an haɗa su tun ginin yana tsaye. Tsohon masallacin Kano ya tafi kafin zuwan irin wannan aiki.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun sarki, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. Kuɗin man fetur ya kawo siminti da kwano, rinin baba ya ja baya, katsi ya yi wuya, giginya ta yi nisa, 'ya'yan magina suka koma bulo. Motoci suka buƙaci hanya, aka riƙa faɗaɗa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. An sa ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin share fage na UNESCO a 2007, amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ƙofofin da ke tsaye yanzu yawancinsu na kankare ne, masu faɗin da tirela za ta wuce, suna ɗauke da tsofaffin sunaye. Yaron da aka haifa a Gwale ko Mandawari bayan shekara ta 2000 zai iya girma yana zaton haka Rumfa ya bar su.

Hotunan kansu a warwatse suke. Ban da na Zurich, akwai tarin E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Akwai na Eliot Elisofon, wanda ya zo a 1959, a cibiyar Smithsonian ta Washington, kuma masu launi daga cikin irin waɗannan su ne ke tuna mana cewa birnin da muka saba gani fari da baƙi ja ne, jan ƙasa, da duhun makuba a jikin manyan gidaje. Akwai na ma'ajiyar takardun gwamnati a Landan da Kaduna, da waɗanda ke rataye a Gidan Makama, da waɗanda ke cikin akwatunan iyalai a birni. Rubutun da ke ƙarƙashin yawancinsu gajere ne ƙwarai, ƙofar gari, ko titi a Kano, ko ginin hukuma, babu sunan unguwa, sau da yawa babu shekara, sunan maginin kuwa ba a ma zancensa. A wayoyinmu kuma sukan yi ta yawo da bayanin da ba nasu ba, hoton Zariya ya zama na Kano, na 1950 ya zama na 1900.

Ana iya gyara da yawa daga wannan, domin hoton yakan faɗi shekarunsa ga mai lura. Turakun lantarki a cikin birni suna nufin an shiga shekarun 1930. Hasumiyoyi biyu a sararin sama suna nufin an wuce 1950. Ƙirar mota, yawan kekuna, kwanon da ya fara ɓullowa a tsakanin soraye, kayan ɗan doka, duk ma'auni ne. Abin da hoto ba zai faɗa da kansa ba shi ne suna: wannan lungun na wace unguwa ne, zauren wane ne wancan, wane gwani ne ya ɗaure wannan bakar, wa ya gaje shi. Wannan ilmin yana bakin dattawan unguwanni da zuriyar Sarkin Magina da gidajen sarakunan ƙofa. Yaran da iyayensu suka riƙe wa hannu zuwa sallar Juma'a a tsohon masallacin ƙasa, waɗanda suka rage a cikinsu duk sun haura shekara tamanin, kuma mafi yawansu ba a taɓa ajiye musu waɗannan hotuna a gaba an tambaye su abin da suke gani ba.